Gwaggo da Azumin Haushi

Ranar da muka kai Gwaggo makwancinta a Aliero, na lura da wani abu a bakin masu ta'aziyya. Duk wanda ya zauna ya ce Allah shi jiƙanta, maganar da za ta biyo baya ta abinci ce. Wata tsohuwar Bafulatana da ta daɗe tana kawo mata nono ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta ƙi shiga, tana share hawaye da gefen mayafi tana cewa, "Ban taɓa sauke ƙwarya gidanga in tashi da yunwa ba." Matan Kashin Zama, garin da Gwaggo ta yi aurenta na fari, sun zo cikin mota ɗaya, suna ta gardama a kan wace ce a cikinsu ta fara koya wa dafa kalwa. Limamin unguwa kuwa, wanda ba shi da yawan magana, bayan ya shafa addu'a sai ya yi murmushi ya ce, "Yanzu wa za ya leƙo daga zaure in zan wuce masallaci, shi tambaye ni mi nic ci?" Mutane suka yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Ni ina ƙarshen tabarma, ban yi dariyar ba, kukan ma ya ƙi zuwa. Maƙwabta suna ta aiko da kwanukan abinci kamar yadda aka saba yi wa gidan rasuwa, ana turo mini ina turawa gaba. Ina da ciwon suga, kuma kowa a dangi ya san zama da yunwa haɗari ne gare ni. Amma na ƙudura a raina cewa ni ne sanadin mutuwarta, kuma wanda ya yi haka bai cancanci ya ji daɗin loma ba. Na rubuta wannan don kada a manta da ita, kuma don in faɗi abin da ya shiga tsakanina da ita, har da wanda ba ya mini daɗin faɗa. Karatuna bai yi zurfi ba, a yi haƙuri da yadda ya zo.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Sunan mahaifinsu aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, Babana take ce mini tun ina rarrafe har na yi furfura a gemu. Sana'arta daddawa. Ni kuma fataucin albasa nake yi, ina zaune a Jega ina saro kaya a Aliero, sai gidanta ya zama mini zango. Kafin in gama kafe babur za ka ji muryarta daga cikin gida: "Babana, mi kac ci?" Ba ta tambayar iyali, ba ta tambayar kasuwa, sai an amsa wannan tukuna. In ka ce ka ƙoshi, sai ta ce ba ƙoshi ta tambaye ka ba.

Akwai ranar da na tarar matar ɗanta ta bar tukunyar kalwa ta ƙone, bayan an wuni ana tura mata itace. Matar tana tsugune tana kuka, ta kasa ɗaga kai. Gwaggo ta zo ta buɗe tukunyar, ta sunsuna, ta ce, "To, ta ƙone. Kwashe na sama, ki jiƙa tukunyar. Ke kin ci abinci?" Da muka keɓe na ce mata, "Gwaggo, wannan asarar ko faɗa babu?" Ta ce, "Ta riga ta yi ma kanta hwaɗan da ya hi nawa. In na ƙara mata, gobe hannunta na rawa ta ƙona wata." A lokacin na ɗauka sanyin hali ne kawai na tsofaffi. Ban san ni ma wata rana zan tsuguna a gabanta kamar matar nan ba.

Da likita ya ce ina da suga, ya yi mini bayani dalla-dalla: in rage tuwo da shinkafa, in yawaita ganye da wake, in bar lemon kwalba da fura mai suga, in sha magani a kan lokaci, kuma kada in zauna da yunwa. Na ji duka, amma na ƙarshen ne ban riƙe ba. Ni mutum ne mai kwaɗayin zaƙi, ba zan ɓoye ba. Sai in yi makonni ina kiyayewa, ranar da aka gayyace ni walima ko suna, in ga shinkafa ta sha mai, ga lemo mai sanyi, in ce bari in ɗan taɓa. In na taɓa kuma sai zuciyata ta ce ai ka riga ka ɓata, ƙarasa kawai. Sai in ci kamar wanda aka biyo.

Abin da ke biyo baya shi ne laifina babba. Washegari sai in tashi da azumi. Ba Litinin ba, ba Alhamis ba, duk ranar da ta kama. In ƙi yin sahur don in ji a jikina, amma in haɗiyi ƙwayar magani kafin asuba don kada a ce na bar magani. Mutane suna ganina da busasshen baki suna cewa Alhaji ya kama ibada, ni kuwa na san zagin kaina nake yi tun safe har faɗuwar rana. Ranar zuwa asibiti in ta zo kusa da irin wannan ɓarnar, sai in ƙi zuwa, don ina jin kunyar abin da awo zai nuna. Matata ce ta fi shan wahala. In ta kawo abinci in ce so take ta kashe ni, in ba ta kawo ba in ce ba ta damu da ni ba.

Ana nan, na ci wata walimar aure a Maiyama na wuce iyaka, washegari na ɗauki azumina na hau babur zuwa duba kaya. Rana ta take, na ji gumi mai sanyi yana keto mini, hannuwana suna kakkarwa, hanya ta rabu biyu a idona. Ban san lokacin da na faɗi ba. Wasu makiyaya ne suka tsince ni a gefen titi, ɗaya daga cikinsu ya ɗura mini fura, hankalina ya dawo. Sai dai hannuna na dama ya karye a wuyan hannu. Kowa ya san in ana maganar ɗori sai Aliero, can aka kai ni, aka ɗaure hannun da karare, aka ce in zauna kusa don a riƙa dubawa. Haka na tare a ɗakin zauren Gwaggo.

Da farko jinyata kawai ta sa a gaba. Ita ke dama mini kunu marar suga, ita ke yanka mini tuwon dawa ƙanana ta tsoma a miyar kuka don in iya ɗauka da cokali a hagu. Sai wata safiya ta shigo da kwano na ce mata ina azumi. A daren da ya gabata wani abokina ya kawo mini dubiya da dabino da lemo, na shanye lemon.

Ta ajiye kwanon, ta zauna a bakin gado, abin da ba ta saba yi ba.

"Babana, wanga azumi na wa na?"

"Kamar yaya na wa? Azumi ai na Allah ne, Gwaggo."

"To hwaɗa min niyyar da kay yi. Da bakinka. Ina saurare."

Na juya fuskata ga bango.

"Ni ban yi karatu ba," ta ce, "amma na san in mutum za shi azumi, cewa yakai ya yi niyya don Allah. Kai kuwa niyyarka ita ta, na sha lemo, bari in gwada ma wanga jiki. Wanga ba azumi ba na, bulala ta. Ka ɗauki ibada ka mai da ita bulala, kuma kana jiran lada."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don gaskiya ta faɗa. Na ce mata maganar da har yau in na tuna nakan runtse ido. Na ce, "Ke da aka hana ki gishiri kina ci, ke ce za ki yi mini wa'azi?" Don ita ma tana da hawan jini. Na sa aka kira mini mai babur a ranar, na koma Jega da hannu a ɗaure, ban yi mata sallama ba. Har aka kwashe albasar wannan shekarar ban taka gidanta ba. In na shiga Aliero sai in bi ta wata hanya.

Ita ce ta zo. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta hau motar kasuwa, aka sauke ta a tasha, ta tako har ƙofar gidana da ƙullin daddawa da kwanon dambun zogale a kanta. Na fito na ganta, kunya ta rufe ni, na durƙusa zan fara ba da haƙuri. Ta ce, "Tashi, ƙafata ciwo takai. A kawo tabarma da ruwan wanke hannu." Ta buɗe kwanon ta ce in sa hannu. Tun ina yaro rabona da cin kwano ɗaya da ita.

Muna ci take ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce a Kashin Zama ta haifi tagwaye, mace da namiji. Ƙyanda ta shigo gari, namijin ya kamu, ita kuma ta yi jinkirin kai shi asibiti tana jiran mijinta ya dawo daga tafiya. Yaron ya rasu. Ta ce daga ranar ta daina cin abinci, in an kawo sai ta zuba wa kaji, tana ganin uwar da ta yi sakaci ba ta da bakin ci. Ba ta ankara ba sai nononta ya ƙafe, ta macen ta fara ramewa, kuka ma ba ta iya yi da ƙarfi.

"Uwar mijina ta ɗauko ɗiyar ta aza min ga cinya," in ji Gwaggo, "tac ce, wancan ya tahi, ba ki iya maido shi. Wagga kuwa tana hannunki, ki zaɓa. Ran nan ina kuka ina cin tuwo. Ban ce ban yi laihi ba, Babana. Na yi. Na roƙi Allah gahwara, kuma na ga in Shi mai yahewa na, ni wace ce da zan ce ban yahe ba?"

Wannan ɗiyar ita ce taubashiyata, wadda muka tashi muna tsokanar juna, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne. Ban taɓa sanin da ƙyar ta rayu ba.

Na tambayi Gwaggo batun gishirin da na gorantа mata. Ta yi dariya har tana tari. Ta ce ai gaskiya na faɗa, takan ci. Ta daina sa dunƙulen kanti a miya, ta koma daddawarta zalla, ta rage gishiri har jikokinta suna gudun miyarta. Amma in an yi suna aka kawo nama mai yaji, wani lokaci takan kasa haƙuri. "In na ci, sai in ce to, an ci. Abinci na gaba in gyara. In na je awo in hwaɗa ma yarinyar asibiti gaskiya, ta yi min hwaɗa, mu yi dariya, ta duba ni da kyau. Kai kuwa loma guda ka ɓata, sai ka ɓata mako."

Daga wannan zuwan nata abubuwa suka canza mini, ba a rana ɗaya ba. Na je wurin wani malami na tambaye shi, ya ce mai irin ciwona ko azumin farilla sai ya shawarci likita, balle na nafila, kuma Allah ba ya bukatar mutum ya cutar da kansa. Na koma asibiti na faɗi duk abin da nake yi, aka gyara mini magani. Ban daina zamewa ba, amma zamewar ta rage tsawo. In na sha abin da bai kamata ba da rana, da yamma sai in ci wake da ganye in yi tafiyata a ƙafa, shi ke nan. Abin mamaki, da na daina zagin kaina sai kwaɗayin ma ya ragu, don da yawan cin da nake yi na huce haushi ne. Matata ta ce gidan ya yi sanyi. In na je Aliero Gwaggo ta ce mi kac ci, sai in faɗa mata har da ɓarnar, ta ce, "To, an ci. Zamna ga na gaba."

Yanzu ga abin da ya hana ni ci a zaman makokinta. A zuwana na ƙarshe kafin ta kwanta, ta riƙe hannuna ta ce bakinta ba ya jin ɗanɗanon komai, tana marmarin kilishin Jega. Na ce, "Gwaggo, gishiri fa." Ta ce, "Ɗan kaɗan, Babana. Kar ka hwaɗa ma 'yar sandan gidanga." Taubashiyata take nufi, don ita ke kula da cimarta tun da ta dawo gida zama. Na sayo, na ɓoye a aljihun babbar riga, na miƙa mata muna dariya kamar yara. Ba a yi mako ba aka buga mini waya cewa ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye. Ba ta ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Tun daga wayar nan na koma gidan jiya. Na bar abinci, sai ruwa da ɗan abin da ba a rasa ba in matata ta tsare ni, maganin ma na ajiye shi. Duk abin da Gwaggo ta koya mini ya tafi, don a ganina wannan ba lemo ba ne, rai ne.

Ranar sadakar uku aka daka gumba, aka zuba mata suga kamar yadda aka saba, ana rabawa. Da hantsi na shiga ɗakin da aka ajiye kayan sadaka don in ɗauko tabarmi, jiri yana ɗibata. Na ga ƙwaryar gumba a buɗe. Ban yi shawara da kowa ba, na tsuguna na fara cusawa, dunƙule bayan dunƙule, ina ci ina jin ƙyamar kaina. A raina har na gama yanke hukunci: gobe azumi.

"Iye! Ɓarawon gumba!"

Taubashiyata ce a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura da kuka, amma bakin nan nata yana nan yadda na san shi.

"Bawana, kwana da kwanaki ana hwama da kai ka ci tuwo ka ƙiya, ashe sadakar uwata kaka jira? Da ka hwaɗa da an daka maka taka daban."

Na buɗe baki zan mayar mata. Sai kukan da ya ƙi zuwa tun ranar jana'iza ya zo gaba ɗaya, ga gumba a bakina. Na ce, "Ni na kashe ta. Ni na kawo mata kilishi."

Ta shigo ta janyo ƙofa, ta zauna a kan buhun gero.

"Na sani," ta ce. "Na ga takardar ƙarƙashin matashinta, duk ta yi mai."

"To ki faɗa mini ba shi ba ne."

"Ba ni hwaɗin abin da ban sani ba. Ta ci, kuma ta ji daɗinshi, har da lasar yatsa. Ko shi na, ko ba shi ba na, likita bai ce ba, ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, kuma ba za ka taɓa sani ba. Ni da nig ga takardar ban karɓe sauran ba, na bar mata don na ga tana murna. In laihi na, mu biyu munka yi shi. To ni ina ci. Ina da ɗiya, kai ma kana da su." Ta miƙe ta ɗauki ƙwaryar gumbar ta rufe. "Uwa guda na rasa makon nan. Ba ni da ƙarhin wani zaman makoki don bawana ya ga dama."

Ta fita ta bar ni. Na daɗe a ɗakin. Na so ƙwarai a ce ta wanke ni, ta ce kilishin ɓera ya cinye ko ta ba jikoki. Ba ta ce ba. Na gane ba wanda zai zo ya wanke ni, kuma in sai an wanke ni zan ci abinci, to yunwa ce za ta kai ni inda Gwaggo ta tafi, in bar matata da yara da tambayar da ni ma na kasa amsawa. Na yi alwala, na roƙi Allah gafara a kan kilishin, da maganar da na taɓa faɗa mata, da gumbar da na cusa. Sa'annan na yi abin da ya fi mini wuya, na ce wa kaina da baki, a hankali, na yafe maka.

Washegari ban tashi da azumi ba. Na ce wa matata ta dafa mini wake da zogale. Ta tsaya tana kallona, sai ta juya da sauri ta nufi murhu don kada in ga idonta. Na ci, na sha maganina, na je asibiti na faɗi kwanakin da na yi ba ci ba magani, da gumbar, ban rage komai ba. Awo bai yi kyau ba. Ma'aikaciyar jinya ta yi mini faɗa sosai, na ce ta ƙara, na cancanta, amma ta rubuta mini ranar dawowa.

Har yanzu in na wuce masu kilishi a kasuwa ƙirjina yakan yi nauyi, kuma ban ce zai daina ba. Ina ɗauke da shi, kuma ina cin abincina.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka. Ta yafe wa wadda ta ƙona mata tukunya, ta yafe wa wanda ya yi mata gori, ta yafe wa kanta don ta rayar da ɗiyarta. Ka fi ta son yafiya, Ka yafe mata. Ka yalwata kabarinta, Ka ciyar da ita daga abin da ba likitan da zai hana ta. Mu da muka rage, Ka ba mu ikon gyara na gaba. Amin.